Wasan Bibbiyu na Mata a Gasar Tanis ta Ƙwararru

Wasan bibbiyu na mata sashe ne na gasar ƙwallon tanis inda mata huɗu ke shiga fili a lokaci guda, biyu a kowane ɓangaren raga, su kara da juna. Kusan kowace gasar ƙwararru ta mata tana ba da kofi biyu: na ɗaiɗai, inda mace ɗaya ke fuskantar ɗaya, da na bibbiyu. A manyan gasanni akan ƙara na uku, inda namiji da mace ke haɗuwa su kara da wani namiji da wata mace. Kafofin watsa labarai sun fi ba da ƙarfi ga wasan ɗaiɗai, shi ya sa masu sauraron labarin wasanni da yawa suka san Serena Williams da kofunanta na ɗaiɗai amma ba su san adadin da ta ci tare da yayarta ba. Duk da haka wasan bibbiyu yana da dokokinsa da dabarunsa da gwanayensa, kuma ta wannan ƙofa ce matan Afirka suka kai matsayi mafi girma a tarihin tanis.

Fili da dokoki

Tsawon filin tanis mita 23.77 ne, ko ɗaiɗai ake yi ko bibbiyu. A faɗi ne ake samun bambanci. Wasan ɗaiɗai yana amfani da mita 8.23, na bibbiyu kuwa mita 10.97, domin ana ƙara masa ziri biyu na gefe, kowanne mai faɗin mita 1.37. Raga tana raba filin biyu. Tsayinta a tsakiya mita 0.914 ne, a bakin turakun gefe kuma mita 1.07. Wannan ɗan bambanci yana da tasiri, domin ƙwallon da aka bi da ita ta tsakiya ta fi samun sauƙin tsallakawa.

Ana fara kowane maki da sabis, wato bugun buɗe wasa. Mai sabis tana tsayawa bayan layin ƙarshe, ta aika ƙwallo a karkace zuwa ƙaramin akwatin da ke gaban mai karɓa. Zirin gefe ba ya cikin wannan akwati, sai bayan an mayar da sabis ɗin ne filin duka yake buɗewa. Mai sabis tana da dama biyu. In ta ɓata su duka, makin ya tafi ga abokan karawa. Idan sabis ɗinta ya bugi abokiyar wasanta, kuskure ne. Idan kuwa ya bugi abokiyar mai karɓa kafin ya taɓa ƙasa, masu sabis ne suka ci makin.

A farkon kowane set, kowace tawaga tana zaɓar wadda za ta fara sabis, sannan ya riƙa zagayawa tsakanin su huɗun gem bayan gem. Haka kuma suna zaɓar wadda za ta karɓa a dama da wadda za ta karɓa a hagu, kuma ba a sauya wannan tsari sai set ya ƙare. Da zarar an mayar da sabis, kowace daga cikin biyun tana iya bugun ƙwallo, ko da sau biyar a jere ne. Wannan ya bambanta da tanis na tebur, inda dole abokan wasa su riƙa karɓa-karɓa.

Yadda ake ƙirga maki

Ƙirgar tanis tana tafiya 15, 30, 40, sai gem. Tawagar da ta fara cin gem 6 da ratar 2 ta ci set. Idan aka yi kunnen doki 6 da 6, sai a yi bugun raba gardama, wanda ake cinyewa da maki 7 da ratar 2. Wasan mata set uku ne a mafi yawa, duk wadda ta ci biyu ta yi nasara.

A gasannin da ƙungiyar ƙwararrun mata ta WTA ke shiryawa, an gajarta wannan tsari a wasan bibbiyu tun 2007, ta hanyoyi biyu. Na farko, idan gem ya kai 40 da 40, ba a ci gaba da neman ratar maki biyu. Maki ɗaya ake bugawa, kuma masu karɓa ne ke zaɓar wadda za a aika wa sabis a cikinsu. Na biyu, idan kowace tawaga ta ci set ɗaya, ba a buga cikakken set na uku. Sai a yi doguwar raba gardama zuwa maki 10 da ratar 2. Manufar ita ce a rage tsawon wasa, masu shirya gasa da gidajen talbijin su iya tsara lokaci, kuma 'yan wasan ɗaiɗai su samu ƙwarin gwiwar shiga ba tare da gajiya ta yi musu yawa ba. Sakamakonsa shi ne kuskure ɗaya yana iya rusa aikin awa guda da rabi, kuma ƙaramar tawaga tana iya kayar da babba.

Manyan gasanni huɗu da ake kira Grand Slam ba su bi wannan gajartawa a wasan bibbiyu na mata ba. A can ana buga cikakken set na uku, kuma tun 2022 dukkansu sun amince cewa idan set ɗin ƙarshe ya kai 6 da 6, raba gardama mai maki 10 ce za ta yanke hukunci.

Rabon aiki da dabaru

A tsarin da aka saba, idan ɗaya tana sabis daga baya, abokiyarta tana tsaye kusa da raga a ɗaya gefen. Aikin ta gaba shi ne ta tare ƙwallo tun tana sama kafin ta taɓa ƙasa, ta dasa ta inda ba mai kaiwa. Aikin ta baya shi ne ta buga ƙwallon da za ta tilasta wa abokan karawa mayarwa da rauni, domin ta gaba ta samu abin kamawa. Saboda haka sau da yawa wadda 'yan kallo ke tafa wa ita ce ta ƙarasa makin, alhali wadda ta shirya shi tana can baya.

Kafin kowane maki, abokan wasa sukan matso kusa su yi raɗa, suna rufe baki da hannu ko da ƙwallo don kada a karanta leɓensu. Wasu kuma alama suke yi: ta gaba ta kai hannu bayanta, ta nuna da yatsu inda take so a aika sabis, sannan ta nuna ko za ta tsallaka tsakiya ta tare ƙwallo ko za ta tsaya a wurinta. Idan ta tsallaka, dole mai sabis ta ruga ta rufe gefen da aka bari. Akwai tsarin da ta gaba ke durƙusawa daidai kan layin tsakiya, sabis ya wuce ta saman kanta, sannan ta zabura dama ko hagu yadda suka shirya. Ana yin haka ne don a rikita mai karɓa, ta rasa inda za ta aika ƙwallo.

Masu karɓa su ma suna da makamansu. Suna iya mayar da ƙwallo a karkace can ƙasa-ƙasa zuwa ƙafafun mai sabis, ko su harba ta zirin gefe idan ta gaba ta cika saurin barin wurinta, ko su ɗaga ta sama ta bayan kanta. Wurin da ya fi ba tawaga wahala shi ne tsakiya, tsakanin abokan wasa biyu. A nan ne ake gane waɗanda suka saba da juna. Kamar masu lugude a turmi ɗaya, kowace dole ta san lokacin saukar taɓaryar 'yar'uwarta. In suka sauka tare su yi karo, in kowace ta jira ɗaya aiki ya tsaya. Shi ya sa ake jin suna kira da ƙarfi, wannan ta ce nata ne, waccan ta ce a bar shi ya fita.

Wannan ne dalilin da ya sa haɗa gwanayen ɗaiɗai biyu ba ya tabbatar da kofi. Masu horarwa sukan nemi waɗanda za su cike giɓin juna: mai ƙarfin bugu daga baya da mai saurin hannu a raga, ko mai dama da bahaguwa, ko mai zafin zuciya da mai sanyin hali da za ta kwantar mata da hankali bayan kuskure.

Tsarin gasa da kuɗi

Gasar ƙwararru hawa-hawa ce. A ƙasa akwai gasannin Hukumar Tanis ta Duniya, ITF, waɗanda mafi ƙanƙantarsu ke raba dala 15,000 ga dukkan 'yan wasa. Sama da su akwai na WTA, waɗanda aka kasa zuwa 125 da 250 da 500 da 1000 gwargwadon makin da zakara ke samu. A ƙololuwa akwai manyan huɗu: ta Ostareliya a birnin Melbourne a watan Janairu, ta Faransa a filin Roland Garros na Paris kan jan yumɓu, ta Wimbledon a Landan kan ciyawa, da ta Amurka a New York.

A manyan gasannin nan tawagogi 64 ne ke shiga wasan bibbiyu na mata, kuma duk wadda aka doke ta fita. Sai tawaga ta ci wasa 6 a jere kafin ta ɗaga kofi. Ana ware tawagogi 16 mafiya matsayi a rarraba su cikin jadawali, don kada su haɗu tun a zagayen farko. A ƙananan gasanni tawagogi 16 ne, wasa 4 ke kai mutum ga kofi. Ana duba matsayin abokan wasan biyu a haɗe kafin a ba su gurbi, kuma ba dole su fito daga ƙasa ɗaya ba, sai a gasar Olamfik da gasar ƙasashe ta Billie Jean King Cup. Makin da suka samu yana shiga lissafin kowace a jadawalin duniya na bibbiyu, wanda ke duba sakamakon makonni 52 da suka gabata. A ƙarshen shekara tawagogi 8 da suka fi kowa suna haɗuwa a gasar rufe kaka ta WTA. A 2024 an yi ta a Riyad ta Saudiyya, inda Gabriela Dabrowski ta Kanada da Erin Routliffe ta New Zealand suka ci kofin.

Ta fuskar kuɗi, mata sun samu daidaito da maza a gasar Amurka tun 1973, shekarar da Billie Jean King ta jagoranci kafa WTA, a Wimbledon kuwa sai 2007. Amma tazarar da ke tsakanin ɗaiɗai da bibbiyu tana nan. A Wimbledon ta 2025 zakarar ɗaiɗai ta karɓi fam miliyan 3, zakarun bibbiyu kuwa fam 680,000 da za su raba tsakaninsu. Daga nan ne kowace za ta biya haraji da kuɗin jirgi da albashin mai horarwa. A ƙananan gasanni abin da ake samu a bibbiyu sau da yawa bai wuce kuɗin masauki ba, shi ya sa matasa ke shiga ɓangarorin biyu a mako guda.

Tarihi da gwanaye

An fara wasan bibbiyu na mata a gasar Amurka a 1889, Wimbledon ta biyo baya a 1913, Ostareliya a 1922. Tawagar farko da ta yi suna a duniya ita ce ta Suzanne Lenglen ta Faransa da Elizabeth Ryan ta Amurka, waɗanda suka ci Wimbledon sau 6 tsakanin 1919 da 1925. Bayansu Louise Brough da Margaret Osborne duPont, dukkansu Amurkawa, suka tara manyan kofuna 20 a shekarun 1940 da 1950.

A 1956 aka samu wata haɗuwa mai muhimmanci. Althea Gibson, baƙar fata daga Amurka wadda aka daɗe ana hana irinta shiga manyan kulob-kulob, ta haɗu da Angela Buxton, Bayahudiya 'yar Ingila wadda ita ma ta sha wariya. Tare suka ci bibbiyu a Faransa da Wimbledon, kuma wannan ne kofi na farko da baƙar fata ya ɗaga a Wimbledon. Gibson ta sake cin bibbiyu a can a 1957 da 1958 tare da wasu abokan wasa.

Bayan an buɗe manyan gasanni ga ƙwararru masu karɓar kuɗi a 1968, babu tawagar da ta kai ta Martina Navratilova da Pam Shriver. Sun ci manyan kofuna 20, sun haɗa dukkan huɗun a shekara guda a 1984, kuma sun ci wasa 109 a jere daga 1983 zuwa 1985, kafin Kathy Jordan da Elizabeth Smylie su taka musu birki a wasan ƙarshe na Wimbledon. Navratilova ita kaɗai tana da manyan kofunan bibbiyu na mata 31. A shekarun 1990 Gigi Fernández da Natasha Zvereva suka ci 14. Venus da Serena Williams su ma 14 suka ci tsakanin 1999 da 2016, ba a taɓa doke su a wasan ƙarshe na babbar gasa ba, suka ƙara da zinaren Olamfik uku a 2000 da 2008 da 2012.

Sania Mirza, Musulma daga Hyderabad ta Indiya, ta zama ta ɗaya a duniya a 2015. Ita da Martina Hingis ta Switzerland sun ci Wimbledon da gasar Amurka a wannan shekara, da ta Ostareliya a farkon 2016, tare da nasara 41 a jere. Daga baya Barbora Krejčíková da Kateřina Siniaková na Jamhuriyar Czech suka ci manyan kofuna 7 da zinaren Olamfik na Tokyo.

Wasan bibbiyu ya fi na ɗaiɗai jure shekaru, domin rabin fili mace ke tsarewa kuma wayo ya fi gudu amfani. Sara Errani ta Italiya tana da shekara 37 lokacin da ta ci zinaren Olamfik a Paris a 2024 tare da Jasmine Paolini. Mirza ta haihu a 2018, ta dawo ta ci kofi a Hobart ta Ostareliya a farkon 2020. A 2025 Taylor Townsend ta Amurka ta zama uwa ta farko da ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin bibbiyu.

Rabon Afirka

Tun 1968 babu 'yar Afirka da ta ci babban kofin ɗaiɗai. Ons Jabeur ta Tunisiya ce ta fi kusa, da ta kai wasan ƙarshe sau uku a 2022 da 2023. A bibbiyu labarin daban yake. Cara Black ta Zimbabwe, wadda ta koyi wasa tare da yayyenta Byron da Wayne a filayen ciyawa da mahaifinsu ya gina a gida, ta ci kofunan WTA 60 a bibbiyu, ta yi makonni 163 tana ta ɗaya a duniya. Manyan kofunanta na bibbiyu na mata 5 ne: Wimbledon a 2004 da 2005 da 2007, Ostareliya a 2007, da Amurka a 2008. Huɗu daga ciki ta ci su ne tare da Liezel Huber, haifaffiyar Durban ta Afirka ta Kudu wadda daga baya ta zama Ba'amurkiya. A 2014 Black ta haɗu da Mirza suka ci gasar rufe kaka a Singapore. A 2022 kuma Angella Okutoyi ta Kenya ta ci kofin bibbiyu na 'yan mata matasa a Wimbledon tare da Rose Marie Nijkamp ta Holan, karo na farko da wani daga Kenya ya ci kofi a ɗaya daga manyan gasannin huɗu.

Najeriya da Kano

Hukumar Tanis ta Najeriya ce ke kula da wasan a ƙasar. Gasar ƙasa da ƙasa da ta fi suna ita ce Kofin Gwamna ta Legas, wadda aka riƙa yi ƙarƙashin ITF tun farkon shekarun 2000 a kulob ɗin tanis na Onikan, inda 'yan wasa daga Turai da Asiya da Afirka suka riƙa neman maki a ɗaiɗai da bibbiyu. A cikin gida akwai gasar da Babban Bankin Najeriya ke ɗaukar nauyi, da Bikin Wasanni na Ƙasa, da wasannin jami'o'i. Oyinlomo Quadre da Marylove Edwards suna cikin matan da suka yi fice.

A Arewa, gasar da aka fi sani ita ce Dala Hard Court ta birnin Kano, wadda ta ɗauko sunanta daga Dutsen Dala. Ta shafe shekaru da dama ana yin ta kan fili mai tauri, kuma tana jawo manyan 'yan wasan ƙasar maza da mata.  Filayen tanis a Arewa sun taru ne a birane irin su Kano da Zariya da Kaduna, cikin kulob-kulob da barikoki da manyan makarantu, yayin da a karkara ƙwallon ƙafa da dambe da kokawa suka riƙe fage.

Abubuwan da ke hana 'yan mata shiga sanannu ne: tsadar raket da ƙwallaye da takalma, ƙarancin fili da masu horarwa mata, da damuwar iyaye kan sutura da cuɗanya. Ta ɓangaren sutura, dokar tanis ba ta wajabta gajeren siket ba, kuma tun 2019 WTA ta bayyana a fili cewa ana iya yin wasa da dogon wando mai kama jiki. Ta ɓangaren fili, cikakken wuri tare da sararin gudu na kewaye bai wuce kimanin mita 36 a tsawo da 18 a faɗi ba, abin da harabar makarantar sakandaren 'yan mata mai katanga za ta iya ɗauka. A irin wannan yanayi wasan bibbiyu ya fi dacewa da fara koyo, domin fili ɗaya yana ɗaukar ɗalibai huɗu maimakon biyu, ƙwallo ɗaya ta ishe su, kuma mai rauni tana koyo a gefen wadda ta fi ta. Daga makaranta hanyar tana bi ta gasannin matasa na jiha da na ƙasa, sannan gasannin ITF na 'yan ƙasa da shekara 18, kafin a kai ga matakin dala 15,000 inda ake fara tara makin ƙwararru.